Hular da Na Ƙara wa Faɗi

Litinin, 2 ga Yuni

An sallame mu daga asibiti. Maigidana ya shigo gida da ƙafarsa, bandeji a ƙeya, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne wa ya bar bokiti a bakin ƙofa. Ba sannunku da gida, ba komai. An buɗe kan mutum an ciro ƙari kamar ƙwan kaza, amma harshen nan ko ƙwarzane bai samu ba.

Ni na bar bokitin. Na ɗauke.

Laraba, 4 ga Yuni

Bari in rubuta abin da likitar ta gaya mini kafin ya zube mini daga kai, tunda ni kaɗai aka gaya wa. Yayarsa tana waje a lokacin, tana buga wa dangi waya ɗaya bayan ɗaya kamar ita ta yi tiyatar. Shi kuwa ya juya wa likitar baya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane tuƙi ba ya zama a koya masa komai, balle mace, balle ƙaramar mace mai ƙaramar murya.

Sai ta ja ni baranda. Ta ce kowa yana da ruwa a cikin kansa, yana zagayawa yana fita ta wata siririyar hanya kamar magudana. Ƙarin nasa daidai bakin hanyar ya zauna, don haka tun kafin aikin ruwan ya fara taruwa. Kuma ba su iya cire shi duka ba, wani guntu ya manne a inda ba a taɓawa. Ya yi jini a ciki lokacin aikin. Ga zazzaɓin nan da ya kama shi daga baya. Ta ce, "Mama, ko ɗaya daga cikin waɗannan yana sa mu sa ido. Shi ya haɗa su duka."

Dama haka yake, ba ya yin abu rabi.

Ta ce in lura da wurin ɗinkin ko zai kumbura, in lura da tafiyarsa, da yawan barci, da fitsari. Ta ce in na ga ya yi shiru fiye da yadda na san shi, in kawo shi a ranar, kada in jira ranar dawowa. Na yi dariya, na ce likita, ranar da ya yi shiru ai sadaka zan yi. Ba ta yi dariya ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

'Yan dubiya tun safe. Yawancinsu tsofaffin ɗalibansa ne, waɗanda ke kiransa Malam Birki a bayan idonsa saboda kalmar da ya fi ƙwala musu ke nan. Yau ga su da furfura da tumbi, suna zaune a gefen kujera kamar za a tambaye su ina giyar baya take. Ɗaya ya ce har yau in ya zo kwana sai ya ji muryar Malam a kunnensa. Aka yi ta dariya. Su awa ɗaya suke yi da shi su biya kuɗi su tafi gida. Ni ce gidan.

Yaya ta zauna a tsakiyar ɗaki tana ba da labarin asibiti, yadda "muka sha wahala". Ban ga bayanta a kan tabarmar barandar asibitin ko sau ɗaya ba.

Keken ɗinkina yana lulluɓe da zani a lungu. Dokarsa ce tun ina amarya, ba a taka keke in yana gida, ƙarar tana shiga masa kai. Da can yana fita da safe in samu yinina. Yanzu yana gida kullum, ga kayan mutane jibge a kan akwati, ga masu kayan suna aiko da gaisuwar da ba gaisuwa ba ce.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ya ce shayin ya huce. Na sake. Ya ce so nake in ƙona masa baki.

Alhamis, 19 ga Yuni

Babba ya kira. Ni yake kira, kullum ni. "Umma, ya jikin nasa?" Na ce ga shi nan kusa, in ba shi? Ya ce a'a, yana kan tsani, wayar wuta a hannunsa, sai an jima. Ɗana kullum yana kan tsani in an zo maganar ubansa.

Ban ga laifinsa ba. Ina tuna ranar da uban ya ɗauke shi koyon mota tare da wasu ɗalibai biyu a baya, yana saurayi gemu ya fara fitowa. Mota ta mutu masa a mahaɗa, uban ya sauke shi a tsakiyar titi a gaban mutane, ya ce ya tako gida da ƙafa tunda abin da ya iya ke nan. Ya tako. Ya haɗa kayansa a jaka. Daga baya a hannun wani ya koyi tuƙin, kuma tun daga ranar bai sake kwana a gidan nan ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi, ya yi ta juyi a ƙasa yana ƙara. Na tsaya da kafaɗa a ɗage ina jira. Shiru. Na leƙa, yana zaune yana kallon bango, hannuwa a kan gwiwa. Ya juyo a hankali ya dube ni ya ce, "Sannu."

Na koma kicin na zauna a kan turmi. Ban san me zan yi da kalmar ba.

Asabar, 28 ga Yuni

Na yaye wa keken zani. Da farko layi ɗaya na yi na tsaya ina saurare. Na yi na biyu. Kafin la'asar na gama riguna biyu da siket, shi kuma yana kwance a doguwar kujera, taku kaɗan tsakaninmu, yana barci baki a buɗe. Har waƙa na kama kaina ina yi.

Barcin ya yi yawa, na sani. Maganin ne wataƙila.

Talata, 1 ga Yuli

Yaya ta zo ta same shi yana murmushi ga kyanwar maƙwabta, wadda da can takalmi yake jifanta da shi. Ta fashe da kuka. Ta ce ciwo ya zame masa wanka, Allah Ya sanyaya masa zuciya, ai dama tun suna yara shi mai taushi ne, duniya ce ta ƙeƙasar da shi. Ta kama hannuna ta ce haƙurina ne ya yi rana. Wannan matar da duk lokacin da na kai mata ƙara sai ta ce in gyara halina.

Bayan ta tafi na zo goge masa kai. A ƙeya, ƙarƙashin ɗinkin, akwai kumburi. Taushi gare shi, in na danna sai ya lotsa ya dawo, kamar ruwa a leda. Na tambaye shi yana ciwo, ya ce a'a, ya gode. Ya gode!

Hularsa ta ƙi zama. Tana hawa sama ta bar wurin a buɗe.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na farke hular ta baya. Na samo ƙyalle mai launinta a cikin ragowar yaduna, na yanka shi kamar harshe, na sa a tsakani, na bi da hannu da ƙananan ɗinki yadda ko tela ɗan'uwana sai ya kai ta hasken rana kafin ya gane. Na ƙara mata faɗin yatsu biyu. Ta zauna masa daram, ta rufe komai.

Rabon da in yi aiki mai kyau haka har na manta. Don kada 'yan dubiya su yi ta tambaya ne.

Lahadi, 6 ga Yuli

Babba ya zo. Yaya ce ta matsa masa, ta ce zo ka ga ikon Allah. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo kamar baƙo. Uban ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka girma." Ya miƙa masa hannu, kuma bai saki ba.

Sun yini tare. Babba ya yanke masa farce, ya gyara masa rediyo, yana ta ba shi labarin wani gini da suke sa wa wuta, uban yana gyaɗa kai. Ko sau ɗaya bai ce masa ba haka ake yi ba. Na sami Babba daga baya a kicin ya juya baya yana wanke kofin da na riga na wanke, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Umma, ashe haka ake ji."

Da za su fita tsakar gida na ga tafiyar. Ƙafafun ba sa barin ƙasa, jan su yake ɗan kaɗan-kaɗan, a wawware, kamar an shafa wa simintin danƙo. Mutumin da takunsa kaɗai ke sa in miƙe tsaye tun yana bakin zaure. Babba ya riƙe masa gwiwar hannu ya ce rashin ƙarfi ne, zai dawo. Na ce haka ne.

Laraba, 9 ga Yuli

Ya jiƙa wandonsa da rana tsaka, a zaune, bai ma motsa ba. Na ce Malam, tashi in canza maka. Ya dubi ƙasa ya dube ni ya yi murmushi. Shi da ko hankicinsa sai an goge da layi a tsakiya. Na wanke, na shanya a bayan ɗaki inda Yaya ba ta zuwa.

Jiya ce ranar komawa asibiti. Na ce wa Yaya sun ɗaga.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yau na yi masa magana. Ina taka keke, yana gefena, ban ko dube shi ba. Na gaya masa ranar da ya zage ni a gaban mahaifiyata a kan gishiri, ta sunkuyar da kai ta yi kamar ba ta ji ba, ta koma gida ba ta sake zuwa ba har ta rasu. Na gaya masa yadda na koyi gane irin ranar da za mu yi daga yadda ya rufe ƙofar mota. Na gaya masa ɗana da ya kora. Ban yi kuka ba, layina ma bai karkace ba.

Daga ƙarshe na ce, "Na san abin da ke damunka. Likita ta gaya mini. Ruwa ne. Kuma yau ba inda zan kai ka."

Ya ce, "To."

Asabar, 12 ga Yuli

Mako ɗaya nake so. Bayan duk shekarun nan, mako ɗaya ya yi yawa ne? Ba duka nake ba, ba zagi, ina ba shi abinci a baki, ina wanke shi. Ba a taɓa kula da shi kamar yanzu ba. Babba ya ce zai dawo da kayansa ƙarshen wata.

Ya yi amai da safe. Ba yawa.

Talata, 15 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Babba ya tayar da motar koyon da ke ajiye tun kafin aikin, ya wanke ta, ya ce mu fita da Baba ya sha iska. Muka sa shi a kujerarsa ta gefen direba, inda birki na biyu yake, wanda malami ke takawa in ɗalibi ya rikice. Robar kansa ta cinye har ƙarfe ya fito saboda taku. Ko a motar haya aka sa shi gaba, ƙafar nan ba ta hutawa, tana ta dukan ƙasa inda babu komai, direbobi har faɗa suke yi da shi. Ko a barci na sha ganin tana takawa.

Ina baya. Babba yana tuƙi a ɗarare, yana satar kallon uban, yana jiran gyara. Ba gyara. Sai ya saki jiki, ya fara labari, ya juyo yana yi mini dariya. Daidai nan wani mai babur ɗauke da kwalin kaya ya faɗo daga lungu. Na gani, na tabbata shi ma uban ya gani, idonsa na kan titi. Na ƙwala ihu, Babba ya taka a makare, goshina ya bugi kujera, mai babur ya sha da ƙyar yana zagi.

Ta tsakanin kujeru na dubi ƙasa. Ƙafarsa tana kwance a gefen birkin, a karkace, cikin silifas. Ko yatsa bai ɗaga ba.

Babba yana haki ya ce, "Umma kin gani? Baba bai ce komai ba." Da murna ya faɗa.

Duk kwanakin nan ina ce wa kaina mutumin ya yi laushi ne. Wanda ya yi laushi ai zai taka birki. Wannan ba ya cikin motar ma, hularsa kawai muka ɗauko. Kuma wanda na zauna na zazzage wa cikina ranar Juma'a ba shi ne ya yi mini laifin ba.

Na ce juya, asibiti. Ya ce lafiya? Na ce ka juya kawai.

Laraba, 16 ga Yuli

Likitar ta sa shi ya yi taku kaɗan, ta haska masa ido, sannan ta cire hular. Ta ga kumburin, ya kusa cika tafin hannu yanzu. Ta tambaye ni yaushe ya fara. Na ce kwanan nan. Hular tana hannunta, ta juya ta ciki waje. Ta ciki ba a ɓoye ƙari a ɗinki, harshen ƙyallen yana nan ɓaro-ɓaro da sabon zarensa. Ta daɗe tana kallo. Ta ninke ta biyu ta miƙo mini, ni, ba shi ba. Babba yana tsaye yana ganin komai.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hoton kai ya nuna ruwan ya cika ya danne komai. Gobe za su sa masa siririn tiyo ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ya riƙa kwashe ruwan. Ta ce tafiya da hankali ana sa ran su dawo. Idon hagu ne ba ta yi alkawari ba, jijiyar ta daɗe a matse.

Yaya ta rungume ni a baranda ta ce kada in sa wa kaina damuwa, wa zai sani, mu ba likitoci ba ne. Ta ce ba don idona ba da mun rasa shi. Na bar ta ta gama.

Asabar, 19 ga Yuli

Ya dawo. Ana turo shi a gadon taya daga ɗaukar hoto, tun daga nesa na ji. "Hagu. Hagu na ce. Ba ka ga bango ba ne? Wa ya ba ka wannan aikin?" Mai turawar ya dube ni, na dubi silin.

Da ya ga Babba sai ya ce wa ya ba shi izinin taɓa motar. Babba ya ajiye ledar magani a kan durowa ya fita. Na bi shi. Ya jingina da bango, ya ce, "Umma, kin sani tun tuni ko?" Na ce na sani. Na jira ya tsine mini da ido. Sai ya ce, "Ni ma na ga tafiyar. Ban tambaya ba."

Muka tsaya a nan kamar ɓarayi biyu, har nas ta zo ta ce yana kira, wai ruwan shan da ɗumi.

Juma'a, 25 ga Yuli

Gida. Idon hagu hazo kawai yake gani, koyar da tuƙi ya ƙare. Shi aka gaya wa wannan karon, a gabana. Ya dai yi wa mai tasi masifa tun daga ƙofar asibiti har gida, ƙafar tana ta dukan ƙasa.

Da yamma ina miƙa masa magani ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai kwanakin nan kamar a ƙasan rijiya yake, yana jin mu daga sama, yana son ya amsa bakin ya ƙi. Na riƙe kofin da kyau. Ya haɗiye ƙwayar. Ya ce, "Surutu gare ki in kina ɗinki."

Na jira sauran. Na shirya ma, na ce yau ko takardata ce in karɓa. Sai ya ɗauki hular, ya sa, ta zarme masa har gira tunda kumburin ya sace. Ya cire ya jefo mini a cinya. "Mayar da ita yadda take."

Ban san me ya ji ba, me ya manta, me ya ajiye. Ba zan tambaya ba. Ido ɗaya na ci masa, shi kuma ya san abin da ya ci mini, kuma ba wanda zai biya wani.

Alhamis, 31 ga Yuli

Babba bai kawo kayansa ba. Amma ya zo jiya ya duba mana fanka, uban ya tsaya a kansa yana cewa ba haka ake yi ba, shi kuma ya ce, "Baba, wannan aikina ne," ya ci gaba. Ya ce zai zo ranar Lahadi.

Na mayar da hular. Na cire harshen ƙyallen, ban yar ba, yana cikin gwangwanin maɓallai. Kullum da safe in ya sunkuya wanke fuska ina duba ƙeyar, ya ce me nake nema, kwarkwata?

Ban mayar wa keken zaninsa ba. Yau da hantsi ina takawa sai na ji ya taso daga ɗaki. Kafaɗata ta ɗaga da kanta kamar kullum, amma ƙafata ba ta sauka ba. Ya zo ya tsaya a kaina, ya karkata kai don ya sa idon dama. Na ci gaba. Ya daɗe. Ya ce, "Layin nan ya karkace."

Ya karkace ɗin. Na ce, "To zo ka ɗinka." Ban san daga ina ta fito ba. Ya ja tsaki, ya juya yana ƙunƙuni wai gidan nan ba mai jin magana, wai wa ya sake barin bokiti a hanya.

Mugun mutum ne, bai canza ba, kuma ban yafe ba. Sai dai da ya kama baranda na tsayar da keken. Dum, dum, dum, kowace ƙafa tana barin ƙasa tana dawowa da ƙarfinta, har ya kai ƙarshe ya buga ƙofa. Sannan na saki numfashi.

Zare ne kawai na tsaya canzawa.